DAM ƊIN SHAGARI: YAYA AKE SANIN LAFIYAR MADATSAR RUWA?

GABATARWA

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Bodinga ta nufi Tambuwal da Jega, lalle zai wuce ta garin Shagari, mahaifar marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Kusa da garin nan akwai madatsar ruwa, watau abin da muka saba kira dam. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ta gina shi a cikin shekarun 2000, inda aka tare ruwan Gawon Gulbi da ganuwar ƙasa. A ƙasar da ake ruwan sama wata huɗu kawai, irin wannan tafki babbar albarka ce. Manoma suna noman rani, masunta suna samun kifi, makiyaya suna shayar da dabbobi, mai neman hutu kuma ya sami bakin ruwa inda zai sha iska.

Amma ruwan da aka tare yana da nauyi, kullum kuma hanyar fita yake nema. Saboda haka ya kamata kowane ɗalibi ya san yadda masana suke gane ko dam yana da lafiya ko ba shi da ita. A taƙaice, tambayoyi biyu suke yi. Ta fari, idan ganuwar nan ta fashe, wa ruwan zai tarar a gabansa? Ta biyu, a wane hali ganuwar take a yau? Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, amma bari mu fara da sanin abin da ake dubawa.

NAWA NE RUWAN, YAYA KUMA AKA TARE SHI?

Ana auna ruwan dam da kubik mita. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, watau cikin duro biyar na lita 200, nauyinsa kuma tan ɗaya ne. An gina dam ɗin Shagari domin ya riƙe kimanin kubik mita miliyan 15. In ka yi lissafi za ka ga duro miliyan 75 ke nan. Duk da haka yaro ne a gaban yayyensa. Dam ɗin Bakolori da ke kan Gulbin Sakkwato, wanda aka gama a 1978, an shirya shi ya riƙe miliyan 450, watau ninkin na Shagari sau 30. Na Goronyo da ke kan Gulbin Rima, wanda aka gama a 1984, an shirya shi ya riƙe miliyan 942, fiye da ninki 60 ke nan.

Waɗanda suke karanta kimiyya za su tuna cewa matsin ruwa yana ƙaruwa da zurfi. Abin lura shi ne, in zurfin ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin da yake tura ganuwa yakan ninka sau huɗu. Shi ya sa ake yin gindin ganuwa da fāɗi ƙwarai, kanta kuwa siriri.

Dam ɗin ƙasa irin na Shagari ya wuce tsibin ƙasa da aka tula kawai. Yadda aka saba gina irinsa, akan sa yumɓu a tsakiya a daddaɓe shi hawa hawa, gama yumɓu ba ya barin ruwa ya wuce da sauƙi. Akan jera duwatsu a fuskar da take kallon tafki domin igiyar ruwa kada ta ci ƙasar. Akan shuka gajeriyar ciyawa a fuskar baya domin ruwan sama kada ya zaizaye ta. A gindin baya kuma akan shimfiɗa yashi da tsakuwa, su zama kamar rariya: ɗan ruwan da ya tsatso ya wuce, ƙasar ganuwa ta tsaya. Sa'an nan akwai bututu mai ƙofa wanda ake sakin ruwan noma ta cikinsa, da kuma mafitar rarar ruwa, inda ruwa yake malala sa'ad da tafki ya cika.

Wanda ya taɓa zama a soron ƙasa zai fahimci wannan nan da nan. Mafitar rarar ruwa ita ce indararon dam. Soron da indararonsa ya toshe, komai ƙarfin azararsa, ruwa zai kwanta a kansa har ya rufta. Kuma kamar yadda soro yake bukatar yaɓe kafin kowace damina, haka ganuwar dam take bukatar kulawa muddin tana tsaye.

TAMBAYA TA FARI: WA KE ZAUNE A BAYAN GANUWA?

Kafin injiniya ya taɓa ganuwa, yakan ɗauki taswira ya bi kwarin da ruwa zai bi in dam ya fashe. Yakan ƙirga gidaje, makarantu, kasuwanni, gadoji da gonaki, ya lissafta zurfin da ruwan zai kai da mintocin da zai yi kafin ya iso kowane ƙauye. Da wannan ake sa dam a ɗaya daga cikin aji uku, kamar yadda ake yi a Amurka da wasu ƙasashe:

1. Mai babban haɗari: in ya fashe, ana kyautata zaton za a rasa rai.
2. Mai matsakaicin haɗari: ba a zaton rasa rai, amma za a yi hasarar dukiya, hanyoyi ko ruwan sha.
3. Mai ƙaramin haɗari: ɓarnar ba za ta wuce filin mai dam ɗin da abin da ke kusa ba.

A kula da kyau, wannan aji bai faɗi kome a kan ƙarfin ganuwa ba. Sabon dam mai ƙarfi yana iya zama mai babban haɗari domin akwai gari a bayansa. Har wa yau ajin yakan canja. Dam ɗin da aka gina a daji, in mutane suka biyo albarkar ruwa suka kafa gidaje a fadamar da ke bayansa, ya hau aji ke nan ko da ba a ƙara masa ko kwandon ƙasa ɗaya ba. Ajin dam shi ne yake nuna yawan dubawar da za a yi masa da girman mafitar da ta dace da shi.

Hausawa sun ce, raina kama ka ga gayya. A jihar Jojiya ta Amurka an yi wani ƙaramin dam na ƙasa mai suna Kelly Barnes, tsayinsa kamar mita 12. Da fari ana samun wutar lantarki da shi, daga baya ya zama wurin shaƙatawa kawai. Ruwansa bai kai kubik mita miliyan ɗaya ba. Amma a kwarin da ke ƙasa da shi akwai makarantar Littafi Mai Tsarki ta Toccoa Falls. An bar itatuwa sun yi girma a jikin ganuwar. Bayan an kwana da yawa ana ruwa, sai ya fashe da tsakar dare ranar 6 ga Nuwamba 1977, mutum 39 suka rasu, a cikinsu har da yara ƙanana da yawa na iyalan makarantar. Wannan ya sa Shugaba Jimmy Carter ya ba da umurni a duba madatsu kusan 9,000 masu babban haɗari, aka kuwa tarar kimanin kashi ɗaya cikin uku ba su da lafiya. To, in ruwan da bai kai miliyan ɗaya ba ya yi haka, ba wanda zai ce miliyan 15 abin wasa ne.

TAMBAYA TA BIYU: ME KE KARYA GANUWA?

Likita ba zai iya duba majiyyaci ba sai ya san cututtukan da yake nema. Manyan cututtukan dam ɗin ƙasa guda uku ne.

Na ɗaya, ruwa ya haura kan ganuwa. Kankare yana iya jure wa ruwa ya bi ta kansa, amma ƙasa ba ta iyawa. Da zarar ruwa ya tsallake, sai ya fara yanka fuskar baya kamar yadda yake yanka kwazazzabo, cikin 'yan sa'o'i ya buɗe ƙofa. Lissafin da aka yi a Amurka ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na madatsun da suka fashe, ta haka suka fashe. Dalili kuwa yakan zama mafita ta yi kaɗan, ko ta toshe, ko ƙofofi sun ƙi buɗuwa. Mun ga irin wannan kusa da gida. Ranar 30 ga Satumba 2006 dam ɗin Gusau ya ɓalle bayan ruwa mai yawa, ƙofofin sakin ruwa kuwa ba su yi aiki ba. An rasa rayuka kimanin 40, ɗaruruwan gidaje suka rushe.

Na biyu, ruwa ya ci ganuwa daga ciki. Ba dam ɗin ƙasa da ba ya ɗan tsatsar da ruwa, wannan ba laifi ba ne. Laifin yana zuwa sa'ad da ruwan ya fara kwasar ƙasa yana fita da ita. Sai ɗan rami ya buɗe kamar bututu, yana ƙaruwa a ɓoye daga baya zuwa gaba, har ya haɗu da tafki. Saiwar itace da ta ruɓe, ramin gafiya, gidan gara, tsagewar yumɓu a lokacin bazara, ko gefen bututun da ba a daddaɓe da kyau ba, duk suna ba ruwa hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dam ɗin Teton na Amurka, mai tsayin mita 93, ta haka ya tafi ranar 5 ga Yuni 1976, a cikarsa ta farko. Da safe aka ga ruwa mai laka yana fitowa daga jikinsa, kafin tsakar rana ya fashe, mutum 11 suka mutu.

Na uku, ganuwa ta zame ko ta zauna. In ƙasa ta jiƙe sharkaf ƙarfinta yakan ragu, wani ɓangare ya sulluɓe. In kuma harsashin da ke ƙasa ba shi da ƙarfi, kan ganuwa yakan lotsa, wurin da ya lotsa kuwa nan ruwa zai fara haurawa.

YADDA AKE DUBAWA

Ana duba dam ta hanya uku: da ido, da awo, da lissafi.

Dubawa da ido ita ce uwa. Ma'aikacin dam yakan taka ganuwa daga wannan kai zuwa wancan a kai a kai, musamman bayan babban ruwa. Injiniyoyi kuma sukan zo a kalla sau ɗaya a shekara, bayan 'yan shekaru kuma a gayyato ƙwararru daga waje su yi cikakken bincike. Ga abubuwan da suke nema:

(a) Tsaga a kan ganuwa. Wadda ta ratsa daga gaba zuwa baya ta fi muni, gama hanyar ruwa ce a shirye.
(b) Wurin da ya lotsa, ko ya kumbura, ko rami da ya buɗe ba dalili.
(c) Danshi a fuskar baya. Ciyawa kore shar a wuri guda a tsakiyar rani, alhali na kewaye sun bushe, alama ce ruwa yana zuwa wurin.
(d) Launin ruwan da yake tsatsowa. In garau yake kuma yawansa bai canja ba, da sauƙi. In ya yi laka, ko yana ɓuɓɓugowa da yashi, ganuwa ce take fita da kaɗan kaɗan. Ruwa ba ya tsami banza.
(e) Itatuwa, shuri, ramukan dabbobi, da turbar shanu da ta zama zaizaya.
(f) Mafitar rarar ruwa, ko ciyawa, kacala, yashi ko shingen masunta sun tare ta, ko kankarenta ya farfashe.
(g) Ƙofofi. Ba a yarda da kallo kawai, sai an buɗe an rufe an tabbata suna aiki.

Dubawa da awo tana nuna abin da ido ba ya gani. Akan kafa sanda mai lamba a cikin tafki a riƙa rubuta tsayin ruwa kowace rana. Akan binne siraran bututu a jikin ganuwa, a riƙa zura ma'auni domin a san inda ruwa ya kai a cikinta. Akan tattara ruwan da yake tsatsowa ya bi ta ƙaramar ƙofa guda inda za a auna yawansa. Akan kuma kafa turakun siminti a kan ganuwa, masu safiyo su riƙa auna ko sun motsa. Awon rana ɗaya ba ya faɗin kome. Amfaninsa yana cikin littafin da aka cika shekara da shekaru, gama shi ne zai nuna yau ta bambanta da bara. Alal misali, in tsayin tafki bai canja ba amma yoyo ya ƙaru, to, akwai magana. Ana kuma auna zurfin tafki daga cikin kwalekwale, domin laka da yashin da rafi yake kawowa suna cike shi a hankali, tafkin da ya cike kuwa ba ya da wurin ajiye ruwan ambaliya kamar dā.

Dubawa da lissafi ita ce ta ofis. Ana ɗaukar tarihin ruwan sama a lissafta ambaliya mafi girma da za a iya samu, a gwada ta da girman mafita, a ga ko za a bar tazara tsakanin fuskar ruwa da kan ganuwa. A nan akwai kalmar da take ruɗin mutane, watau "ambaliyar shekara ɗari". Ba a nufin sai bayan shekara ɗari take zuwa. Ana nufin a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta zo. 'Yan ajin lissafi su gwada: a cikin shekara 50, yiwuwar a gamu da ita ko sau ɗaya ta kusa kashi 40 cikin 100. Shi ya sa dam mai babban haɗari akan shirya masa mafitar da za ta ɗauki ambaliyar shekara 1,000 ko fiye. Haka kuma akan ɗebi ƙasar ganuwa a gwada ƙarfinta a ɗakin gwaji. Ka'idar da aka saba bi ita ce, ƙarfin da yake riƙe ganuwa ya zama a kalla ninki ɗaya da rabi na ƙarfin da yake neman zamar da ita.

BAYAN AN DUBA, SAI ME?

Kamar yadda ɗalibi yake karɓar sakamakon jarrabawa, haka dam yake samun nasa: mai kyau, mai dama dama, mara kyau, ko wanda yake bukatar gyaran gaggawa. Sa'an nan a haɗa wannan sakamako da ajin haɗari. Dam mara kyau wanda yake da gari a bayansa, shi ne na farko a layin gyara.

Wani lokaci maganin yana da ɗaci. A 1992 an rage tsayin mafitar dam ɗin Tiga na jihar Kano da mita 3.5 domin a rage wa ganuwar nauyi. An rasa ruwa mai yawa da za a iya ajiyewa, amma an zaɓi lafiyar jama'a. Shekara huɗu kafin wannan, a Agusta 1988, maƙwabcinsa dam ɗin Bagauda ya fashe bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya. A lokacin Bagauda sanannen wurin shaƙatawa ne mai otal a bakin tafki, ruwansa kuma kimanin kubik mita miliyan 22, watau bai fi na Shagari da nisa ba. An yi hasarar rayuka, gidaje da gonaki.

Abu na ƙarshe da masu bincike suke tambaya shi ne shirin gaggawa. Wa zai ba da labari? Wa za a gaya wa? Ina mutane za su gudu? A Satumba 2010, da Goronyo ya cika, an buɗe ƙofofinsa domin a ceci ganuwa, ruwa ya mamaye ƙauyuka da gonakin fadamar Rima, har hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta yanke. Ranar 10 ga Satumba 2024 kuma dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri da dare, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu, shekara 30 bayan ambaliyar 1994 a wannan gari. Bayan haka Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti ya sake duba madatsun ƙasar. Darasin a fili yake: gargaɗin sa'a biyu yana iya ceton ƙauye guda, amma sai in an riga an shirya wanda zai yi shela, hakimi da masu unguwanni sun sani, kowa kuma ya san tudun da zai nufa.

RABONMU A CIKIN WANNAN AIKI

Manyan madatsu suna da ma'aikata da yawa. Ƙaramin dam na karkara kuwa, wanda ya fi kowa ganinsa shi ne manomi, masunci, makiyayi da ɗan makarantar da yake wucewa. Yawancin alamun da muka lissafta ba su bukatar digiri kafin a gane su. Saboda haka:

1. Kada a haƙi ƙasar gini ko a yi bulo a jikin ganuwa ko gindinta.
2. Kada a kwashe duwatsun fuskar ganuwa, ko ƙarafan ƙofofi, ko bututun awo.
3. Kada a yi noma, ko shuka itace, ko kora garke a kan ganuwa.
4. Kada a tare mafita da shinge ko buhunan yashi don a ƙara ruwa.
5. Kada a gina gida a hanyar da rarar ruwa take bi.
6. In ka ga ruwa mai laka yana fitowa, ko sabuwar tsaga, ko ruwa yana juyawa kamar mazurari kusa da ganuwa, ka bar wurin, ka gaya wa ma'aikatan dam da mai gari nan take.

Akwai kuma haɗarin da tafki yake da shi ko da ganuwa lafiya lau take. A Afrilu 2022 kwalekwale ya kife a ruwan Shagari da mutanen Gidan Magana, aka rasa rai 29, yawancinsu yara da matasa masu zuwa neman itacen girki. A Mayu 2023 aka sake yin irin wannan da yaran Dandeji, a kalla 15 suka rasu. Don haka duk ɗalibin da ya je bakin dam, ko yawon buɗe ido na makaranta ko hutu a gida, kada ya shiga jirgin da aka cika fiye da kima, ya nemi rigar ruwa in akwai, kada kuma ya yi iyo kusa da ƙofofi ko mafita, gama ruwan wurin yana ja ta ƙasa.

KAMMALAWA

Lafiyar dam ba abu ba ne da ake tabbatarwa ranar buɗewa a ce an gama. Ana sake tambayarta kowace damina: wa ke bayan ganuwa yanzu, yaya kuma ganuwar ta kwana? Gusau, Bagauda da Alau duk a ƙasarmu suke, in kuwa gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Ƙasarmu tana bukatar injiniyoyin ruwa, masu safiyo da masana ƙasa waɗanda za su riƙe littafin awo da gaskiya, su kuma faɗi abin da suka gani ko da ba a so ji ba. Mai yiwuwa waɗansunsu suna cikin azuzuwanmu yanzu. Kafin lokacin, wanda duk ya je Shagari ya ɗan tsaya ya dubi ganuwar nan da idon wanda ya san abin da yake nema. Allah ya kiyaye mu da ambaliya, ya sa ruwan ya ci gaba da zama albarka ga mutanen Shagari da kewaye.